Yadda Fim ɗin Masunci Ya Ƙare

Litinin, 5 ga Mayu

Mun dawo daga asibiti. Likita ta ce yanar da ke idon Baba ta nuna. Na hagu an yi sakaci da shi har ya lalace, na dama ne ya rage, shi ma in aka bar shi hanyar ɗan'uwansa zai bi. Aikin ba wani babba ba ne in ji ta, a shiga da safe a fito kafin azahar. Ta ba mu ranar 27 ga wata. In ba mu je ba a ba wani, mu koma bayan layi.

Sai da muka shiga mota Baba ya ce, "Ba mai sa min wuƙa a ido. Abin da zan gani a duniya na gan shi." Na fara jero masa hujjoji, ya ce, "Alƙali, ja mota." Tun ina yaro yake kirana Alƙali saboda gardama. Na haura hamsin, sunan bai sake ni ba, halin ma in an bi gaskiya bai sake ni ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Ya tsiyaya shayi a kan tebur, gefen kofi. Ya ce wani ne ya matsar da kofin. Ba wanda ya matsar.

Asabar, 10 ga Mayu

Na kai wa wani mai sayar da taya rasit ɗin da muka buga masa a maɗaba'a. Ashe rumbunsa tsohon gidan silimarmu ne. Na sha wucewa ta titin, ban taɓa leƙawa ba sai yau. An kwashe bencina, taya ce jibge har kusa da rufi, amma farin bangon da ake haska fim yana nan, ya yi dabbare-dabbare. Tagar sayar da tikiti an toshe ta da bulo. 'Yan ramukan nan biyu na can sama, inda haske ke fitowa, tantabaru sun gaje su.

Na tsaya kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Duk Asabar Baba yake kawo mu, ni da Yaya. A gida mutumin nan ko tari ya yi sai kowa ya gyara zama, amma da mun wuce ƙofar silima sai ya zama wani daban. Ya sayi gyaɗa, ya ɗora ni a wuya in layi ya yi tsawo. In bos ya laɓe bayan ƙofa, Baba na cikin masu miƙewa suna ihu, "Kai, waiwaya! Yana bayanka!" Da jarumi ya waiwaya sai ya zauna yana gyara riga, wai ya ji maganarsa. In fim ya tsinke a kunna fitila, a yi ta fito ana zagin mai haskawa har ya liƙe. Ba wanda ke jin yaren da ake yi a finafinan, kuma ba wanda abin ya dama. Kowane benci da mai fassararsa, kuma ba a taɓa samun biyu da suka yi fassara iri ɗaya ba.

Ni na kaboyi nake so da na masu faɗa da ƙafa. Yaya masu waƙa. Baba kuwa duk wanda aka sa nasa ne.

Mai taya ya ga na daɗe, ya ce ko taya nake so. Na ce a'a.

Lahadi, 11 ga Mayu

Wajen cin abincin rana na ce na shiga tsohuwar silima jiya. Rabon da Baba ya yi doguwar magana tun kafin mu je asibiti, sai ga shi ya ajiye cokali. Ya ce duk finafinan da aka yi a duniya ba kamar fim ɗin Masunci. Sunan da unguwa ta sa masa ke nan, sunansa na gaskiya ba wanda ya taɓa sani. Shi kaɗai ne fim ɗin da Inna, Allah ya jiƙanta, take yarda ta bi mu.

Ya ba Autata labarin tun daga farko. Baƙi da fari ne. Wani masunci mai tabo a kumatu yana son 'yar mai saƙa komar kamun kifi. Can gaba ya shiga teku cikin hadari, kwale-kwalensa ya kife, ruwa ya turo hularsa gaɓa, yarinyar ta tsaya riƙe da ita tana kuka, silima kowa na sharar hawaye. Ana cikin haka sai gari ya waye, ga mutum ya fito daga cikin ruwa yana tafe da ƙafarsa. Gari ya rikice da murna, aka yi biki, aka yi waƙar nan, fim ya ƙare. Baba har ɗan rera waƙar ya yi, da kalmomin da shi ya ƙirƙira mata.

Auta ta ce tana jin za ta iya nemo shi a waya. Baba ya ce, "Ke da ba a haifi uwarki ba lokacin." Uwargida ta ce an haife ta mana, Baba dai yana rage mata shekaru ne, ta gode.

Talata, 13 ga Mayu

Yarinyar nan ta samo shi. Da tabo da hula da teku kawai ta yi ta lalube har ta ci karo da shi, an yanka shi kashi shida. Ta zuba min a waya, na kalla a ofis lokacin da aka ɗauke wuta injin ya tsaya.

Shi ne, ba shakka. Amma ba haka ya ƙare ba.

A kashi na huɗu hadari ya rutsa da shi, a na biyar ya fito daga ruwa aka yi biki. A na shida kuma ya sake shiga teku ceton ƙaninsa, kwale-kwale ya kife, hula ta dawo, matar ta tsaya da ita a gaɓa. Sai wani rubutu ya fito, allo ya yi baƙi. Mutumin ya mutu, bai dawo ba. Na koma baya na sake dubawa ko an yi kuskuren lamba, kamar yadda nake bin shafuka kafin a ɗinke littafi. Babu kuskure. A na shida hannunta cike yake da awarwaron da aka sa mata ranar biki.

Abin da ya ɗaure min kai, ni ma da biki na san ya ƙare. Ina tuna muna fitowa Inna tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Alhamis, 15 ga Mayu

Uwargida ta ce kada in faɗa wa Baba. Na ce to. Ban kai la'asar ba na faɗa.

Da farko dariya ya yi, ya ce wani fim ɗin muka ɗauko. Na kunna masa waƙar, ya ce shi ne. Na ce to a ƙarshe Masunci mutuwa yake yi. Ya karɓi wayar ya kai ta har kan hancinsa, ya juya ta, ya matso da ita gefen ido. Ba abin da yake gani sai haske na motsi. Ya miƙo min ita da ƙarfi har ta kusa faɗuwa.

"Don kun ga ba na gani shi ya sa za ku mai da ni yaro. Da idona na kalle shi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Uwarka tana gefena."

Na ce ai ga shi nan a fili, ba ni na yi fim ɗin ba. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Bakina ya suɓuce na ce ai yanzu babban ko ƙofar ɗaki ba ya hangowa. Bai kamata in faɗi haka ba. Ya tashi yana laluben bango ya shiga ɗaki, bai fito cin abinci ba. Uwargida ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wai duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Juma'a, 16 ga Mayu

Da safe ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ranar nan da likita ta bayar tana nan? Ka ce mata zan zo. Gani ya kori ji. In an buɗe idon ka sa min fim ɗin a talabijin, a gaban kowa, mu ga maƙaryaci."

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Na kira asibiti kafin ya sake shawara.

Litinin, 19 ga Mayu

Aiki ya yi yawa, katin ɗaurin aure da takardun jarrabawa. Duk da haka abin na raina. Mutum ɗaya zai iya mantuwa, amma ni da Baba da Yaya? Na kira ta, ban gaya mata komai ba, na ce yaya fim ɗin Masunci ya ƙare. Ta ce, "Da biki mana. Kai lafiya?"

Laraba, 21 ga Mayu

Na koma wajen mai taya karɓar wani aikin, na tambaye shi ko akwai wanda ya rage cikin ma'aikatan silima. Ya nuna min wani dattijo mai yankan makulli a tsallaken titi. Ya ce Mai Keke ake ce masa har yau, ko da yake ya daɗe da daina hawa.

Ina ambatar Masunci ya ajiye zarto ya yi ta dariya har da tari. Ya ce a wancan zamani silima biyu ke raba fim ɗaya a rana ɗaya. Can su fara, nan a biyo baya, shi kuma ya riƙa jigilar gwangwanayen faifai a keke, in an gama da ɗaya can ya rugo da shi nan. Ranar farko ta Masunci ƙayar waya ta fasa masa taya, ya makara, ya kwaso na ƙarshe biyu tare, takardar da ke jikinsu ta jiƙe da gumi. Mai haskawa yana sauri jama'a na fito, ya ɗora na shida a gurbin na biyar. Da rubutun ƙarshe ya fara fitowa ya gane, sai ya tare hasken da tafin hannu ya ɗora wanda ya rage. Mutane suka fita suna tafi.

Washegari ya gyara, ya sa shi daidai. Waɗanda suka dawo kallo na biyu suka ce an cuce su, an kashe musu Masunci. Aka yi ta jifan bango da takalma, aka karya benci, wani ya hau sama neman mai haskawa. Manaja ya ce daga yau yadda aka yi kuskuren haka za a riƙa sawa. Shekara da shekaru duk lokacin da fim ɗin ya zagayo, haka ake yi.

Na ce ba wanda ya lura da awarwaron biki a hannunta kafin a yi bikin? Ya ce, "An lura mana. Aka ce na baiko ne." Ya ce 'yan wancan gefen gari su sun san ya mutu, 'yan nan sun san ya dawo, har dambe an sha yi a kan haka.

Ashe Baba bai yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba. Na taho ina jin daɗi, zan je in warware masa komai dalla-dalla. Sai da na kusa gida na taka birki a raina. In na gaya masa, gardama ta mutu. In gardama ta mutu, me zai kai shi asibiti?

Na shiga na gaishe shi na wuce. Riƙe magana a bakina ya fi min ɗaukar buhun siminti wuya.

Asabar, 24 ga Mayu

Ya fara ja da baya. Wai ya ji labarin wani da aka yi wa aiki ya fito ko hasken rana ba ya gani. Wai ko a bari sai bayan damina. Ban lallashe shi ba, na san lallashi ba ya cinsa. Na ce shi ke nan, a bar shi, dama na san ba zai so a kunyata shi a gaban jikoki ba. Ya ce, "Ni? Allah ya kai mu Talata."

Yaya ta kira ta wanke ni tas, wai ina tayar wa tsoho hankali a kan fim, ko kunya ba na ji. Na ce ta yi haƙuri. Ba ta saba jin haka daga bakina ba, sai ta kashe waya.

Litinin, 26 ga Mayu

Da yamma ina yanke masa farce a tsakar gida, ba tambayarsa na yi ba, ya ce lokacin da Inna take kwance ciwon ƙarshe, in ta ga ya yi jugum sai ta ce masa, "Kai da ka san Masunci ma ya dawo." Ya ce da wannan suka yi ta rarrashin juna har ranar da ta cika. Daga nan ya ce in yi hankali da babban yatsa, na cika zurfafawa.

Ban taɓa jin wannan ba. Ni nan ina shirin kunna masa talabijin in nuna masa gawar mutumin a gaban kowa.

Talata, 27 ga Mayu

An yi. Da za a shiga da shi ya kama wuyan hannuna ya riƙe gam, bakinsa kuwa cewa yake, "Ka tanadi fim ɗinka." Na zauna a benci ina karanta sanarwar wanke hannu da ke bango har na haddace ta, akwai kuskuren bugu biyu a ciki. Kafin azahar aka fito da shi da bandeji. Likita ta ce sai gobe za a sani.

Na ji tsoro yau, ba kaɗan ba.

Laraba, 28 ga Mayu

An cire bandeji. Ya yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba. Ya kalli taga, ya kalli rigar likita, sannan ya juyo kaina ya daɗe.

"Alƙali, yaushe ka yi furfura haka?"

Na ce ta daɗe, Baba. Na fita wai zan karɓo maganin ɗigawa, alhali yana aljihuna.

Likita ta ce ban da talabijin sai an kwana biyu. Ban taɓa jin daɗin dokar likita irin yau ba.

Lahadi, 1 ga Yuni

Yanzu ba a da sakat a gidan nan. Ya gano tsagar bangon kicin, ya gano labulen falo ya koɗe, ya ce wa Auta ashe ta yi kama da kakarta ba wanda ya gaya masa. Kullum sai ya tambayi yaushe za a sa fim. Uwargida ta ce min, "To, mai gaskiya, ya za ka yi?" Na ce ban sani ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Yau aka yi ta. Yaya ta zo da 'ya'yanta, falo ya cika, Baba ya sa an sayo gyaɗa, ya sa an sauke labule duk da rana tsaka ce. Ya zauna a kujerar gaba da baƙin tabaransa a cinya. Auta ta haɗa filashi da talabijin, jerin kashi shida ya fito, ta miƙo min rimot ta kauda kai.

Tun a kashi na biyu ya koma Baban silima. Ya yi wa Masunci ihu kada ya yarda da mai awon kifi, ya buga cinya, ya yi wa jikoki fassarar yaren da har yau bai san na wace ƙasa ba ne. Ni ban kalli komai ba, ina ta jujjuya rimot a hannu har ya yi gumi.

Na huɗu ya ƙare a kan hadari, jerin ya dawo. Na danna na shida.

Kwale-kwale ya kife, hula ta zo gaɓa. Yaya ta fara jan hanci. Da na ga rubutun ƙarshe zai fito na yi sauri na fita daga ciki, na koma sama na danna na biyar. Gari ya waye, mutum ya fito daga ruwa. Yaran suka yi ihu. Baba bai yi ihu ba, ya dai bi waƙar a hankali har ta ƙare, yana share idon da aka ce kada ya taɓa.

Ya juyo ya ce, "To, jama'a, wa ya yi ƙarya?"

Na ce ni ne, Baba, ban kalla da kyau ba.

Yaya ta ce a rubuta ranar nan a ajiye, Alƙali ya faɗi shari'a. Aka yi ta dariya. Auta ce kaɗai ba ta yi ba, ta shiga kicin ta daɗe.

Lahadi, 8 ga Yuni

Da safe ina ɗiga masa magani, kansa a jingine, ya ce, "A maɗaba'arku shida ce ke zuwa kafin biyar?"

Hannuna ya tsaya. Na ce me ya gani.

"Idon da ka matsa a gyara ne ya gani. Lambobin manya ne." Maganin yana gangarowa ta gefen kunci. "Da awarwaron."

Na fara cewa akwai wani Mai Keke, ya ɗaga hannu ya ce ba ya son bayani. Ya ce Asabar mai zuwa ma haka zan sa masa, kuma in koyi danna abin nan da sauri, jiya har rabin rubutun ya fito.

Na sa Auta ta sauya wa kashi biyun lamba. Ba don komai ba, rimot ɗin ne yake ba ni wahala.